Ƙafar da Na Yi wa Baba

Mahaifina da ƙafafunsa yake sassaƙa. Hannu ne ke riƙe gizago, ba musu, amma duk wanda ya taɓa zama kusa da shi ya san rabin aikin a tafin ƙafa yake. Zai shimfiɗa buzu a ƙasa ya zauna, ya jawo guntun icen ɗanya ya matse shi tsakanin tafukansa biyu. Ya sara, ya juya icen da babban yatsa, ya sake sara, ko duba ƙasa ba ya yi. Akushi, turmi, taɓarya, muciya, 'yar kujerar mata, da wuya ka shiga gida a unguwarmu ta tsohon Maraɗi ba ka tarar da aikinsa ba. Ƙarar gizagonsa ce ke gaya wa maƙwabta gari ya waye sosai.

Ni ne ɗansa na fari, kuma a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban idona ya yi mini magana ba. Da aka yaye ni sai aka kai ni Tibiri wajen yayarsa, Gwaggo, ita ta raine ni. Bayan na dawo gida ma, in yana da magana da ni sai ya faɗa wa wanda ke kusa, ko da ina tsaye a gabansa. "A ce ma yaron ga shi kauce, shina tare mini haske." Ni kuma in zan amsa sai in amsa wa mutumin, ko wa bango in babu kowa. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, haka na ga ana yi a gidajen mutanen kirki. Amma abin da ya jawo shi ne ban koyi gizago a hannunsa ba, don ba a koyar da sana'a ta bakin ɗan aike.

Da na zama saurayi aka ɗebe mu aikin tilas a bariki. Wasu aka kai su aikin hanya, ni kuwa da aka ji ɗan masassaƙi ne sai aka jefa ni atiliye, shagon kafintocin Nasara. Shugabanmu wani ɗan Dahome ne mai tsawa. Shi ya koya mini zarto da kurfi da rabo, ƙarfen nan da ake turawa bisa katako ya fere shi ya yi sumul. A can babu mai zama a ƙasa. Kowa a tsaye yake gaban dogon teburin aiki mai ƙafa huɗu, da sukurun ƙarfe a gefe mai matse katako. Ɗan Dahome ya dasa mana doka a kai: tebur na ƙwarai tsayinsa ya kai wuyan hannun mutum idan ya miƙe ya saki hannuwa. Na haddace ta kamar karatu. Kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Har na fara ganin masu aiki a zaune kamar mutanen da ba su waye ba, mahaifina ma yana ciki.

Shekarar da Gulbi ya cinye tsohon gari aka tashe mu muka hau tudu, kowa yana gini, kowa yana son ƙofa da taga. Aka sallame ni daga bariki, na kafa rumfata a Sabon Gari, aiki ya yi mini yawa. Ni ambaliyar ta buɗe mini hanya. Baba kuwa, da shekara ta zagayo, kurkunu ya fito masa a gwiwar dama. Ya yi wata huɗu a kwance. Da gyambon ya warke sai gwiwar ta sandare, ƙafar ta miƙe kamar taɓarya, ta ƙi lanƙwasuwa ko kaɗan.

Mutum na iya tafiya da ƙafa irin wannan in ya sami sanda. Abin da ba zai iya ba shi ne haɗa tafukansa biyu su matse ice. Ya gwada sau ɗaya, Inna ce ta ba Gwaggo labari. Ya tokare guntun icen da ƙafar hagu kawai, ya sara, icen ya zille, gizago ya nutse a buzu kusa da cinyarsa. Inna ta ce bari ta riƙe masa, ya ce ba zai kai ƙarfe kusa da yatsunta ba. Ƙannena duk mata ne, suna gidajen mazansu. Ya rataye gizagon a jikin rumbu, bai sake taɓa shi ba.

Daga nan ya fara ƙarewa muna gani. Ba ciwo, ba zazzaɓi. Zai zauna a zaure daga hantsi har la'asar yana kallon ƙasa. Mata su zo neman turmi, ya kwatanta musu gidan wani masassaƙi da shi ya koya wa aiki. Tuwo ya koma kusan yadda aka kawo shi. Ina kai hatsi da cefane, ba abin da ya rasa, amma ba yunwa ce ke cinsa ba. Wata ranar Juma'a Gwaggo ta zo daga Tibiri ta gan shi, ta biyo ni har rumfa, ta zauna kan katakon mutane ba ta ko tambaya ba.

"Kai, ɗan ga," ta ce da ni, "ubanka in bai koma ma gizagon nan ba, ba shi kai kaka. Ni na san shi tun shina rarrahe. Kai da ka ce ka yi ilimin Nasara, mi amfaninshi?"

Na ce, "Gwaggo, ki bar mini wannan."

Na faɗa da ƙarfin gwiwa, don a ganina abin mai sauƙi ne. Ƙafa ta daina riƙe ice, to ga sukurun ƙarfe. Kwana shida na yi ina haɗa masa tebur da katakon akwatunan kanti, mafi kyawun da nake da su. Na goge shi da rabo har yana ƙyalli. Na cire sukurun teburina na ɗaura masa. Tsayi kuwa na miƙe na saki hannuwa na auna wuyan hannuna, kamar yadda ɗan Dahome ya koya mini. Ban tsaya na tuna cewa na fi Baba tsawo ba, balle in tuna cewa mai ƙafa ɗaya ba ya wuni a tsaye. Mutum huɗu suka ɗauko shi muka shiga da shi gida da rana tsaka, yaran unguwa na biye da mu. Baba na zaure. Na ɗaga murya na ce wa Inna, wadda ita ma ba ta amsa mini kai tsaye, "An kawo abin riƙe ice. A murɗa ƙarhen ga, shi matse." Na fita ina jin kaina wani babba.

Abin da ya biyo baya a bakin Gwaggo na ji shi, kuma ba ta rage mini komai ba. Da gida ya yi shiru Baba ya ɗauko gizago, ya dogara sanda ya je gaban teburin. Ya matse guntun ice, ya jingina sandar, ya tsaya da ƙafa ɗaya da rabi, ya sara. Ƙasar tudu rairayi ce. Ƙafar tebur ɗaya ta nutse, ɗaya ta ɗaga, teburin ya yi tsalle ya matsa, Baba ya tafi da baya ya faɗi a gaban matarsa da matar maƙwabci da ta shigo ɗibar wuta. Bai ji ciwo ba, amma da ya ji ciwon ma da ya fi masa sauƙi. Saƙon da ya aiko mini gajere ne: "A ce ma mai abin ga, ni ba kukun Nasara ba ne da zan tsaya gaban tebur. Shi zo shi kwashe kayanshi."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma kunya ce ta fi yawa a cikin ɓacin ran. Maimakon in kwashe, sai na shiga gyara. Na buga masa katako a gicciye tsakanin ƙafafu. Na sa fale-falen duwatsu a ƙarƙashi. Na ɗora buhun rairayi biyu a ƙasansa don ya yi nauyi. Teburin ya rage rawa, Baba kuwa ko kallon wajen bai sake yi ba. Cikin mako biyu Inna ta mai da shi wurin shanya kuɓewa, awaki suka sami inuwa a ƙarƙashinsa.

Gwaggo ta dawo, ta zagaya teburin sau ɗaya, ta ɗauki kuɓewa guda ta duba.

"Kuɓewa dai ta ji daɗi," ta ce. "To hwaɗa mini, da za ka yi abin ga, wa ka auna?"

Na ce kaina na auna.

"Kai za ka yi sassaƙar?"

Na ce, "Gwaggo, ƙaƙa zan auna Baba? In tunkare shi da metir in ce miƙo hannu?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta zaro karan dawa daga jikin danga ta nufi zaure, ni kuma na laɓe a bayan zana ina leƙe. Ita yayarsa ce, tun suna yara take juya shi, kuma tsufa bai canza komai ba. Ta ce ya miƙe ƙafar ta ga ko kumburi ya dawo. Ta ce ya ɗaga hannu kamar zai sara, wai tana son ta ga kafaɗar ba ta sandare ita ma ba. Yana ta mita yana yi. Duk inda hannunsa ya sauka sai ta dafa karan ta yi alama da farce. Ya ce, "Yaya, wai likkafani kike auna mini?" Ta ce, "In ka ci gaba da ƙin tuwo, shi ne." Ta kawo mini karan da alama uku: inda gizago ke sauka, tsawon ƙafar da ta sandare, da nisan da hannun hagu ke kaiwa. Alamar farko ko rabin kamu ba ta kai ba daga ƙasa. Na dubi karan, na dubi teburina mai kaiwa ƙugu.

Yanzu na san tsayi, amma ban san yadda zan hana abu rawa a cikin rairayi ba. Na dai gane katakon akwati ba zai yi ba, ice nake so mai nauyin gaske. Gardin daji kuwa ba ya barin a sare ɗanyen itace. Aka ce mini akwai kiryar da iska ta kayar a gonar wani dattijo a Jiratawa, cikin Anna masu bin al'adar kakanni. Na tafi da ƙafa. Na same shi a bakin gona, na gaishe shi, na faɗi ko ni ɗan wane ne. Sai ya kama hannuna ya kai ni cikin gida ya nuna mini wani tsohon turmi da ya yi baƙi. Ya ce ubana ne ya sassaƙa wa matarsa shi tun tana amarya.

Ana daka a cikinsa lokacin, mata biyu suna luguden gero da ƙarfinsu, turmin ko motsi ba ya yi. Na duba gindinsa sai na ga an binne shi cikin ƙasa kusan rabin kamu, an daɓe kewayensa da laka. Na tsuguna ina kallo har matan suka fara dariya. Dattijon ya tambayi abin da nake nema, na ba shi labarin tebur. Ya girgiza kai.

"Ɗana, kai ka ɗaga abu sama ka ce kar shi yi rawa? Bugu ƙasa ta ka shan shi. Ubanka da shike zamne, ba ƙahwa kaɗai ta ka riƙe icen ba, ƙasa na ƙarƙashi tana amsa."

Shekara nawa ina ganin Inna na daka, ina ganin Baba na sara a ƙasa, sai da na zo Jiratawa wani manomi ya nuna mini abin da ke cikin gidanmu. Ya ba ni gungumen kyauta. Amma kafin a sa masa zarto ya ce in dakata. Ya kawo fura a ƙwarya ya zuba a kututturen, ya yi 'yan maganganu ƙasa-ƙasa yana sallamar masu wurin, wato iskoki. Ni Musulmi ne, kuma a lokacin ina ji da wayewa, amma na tsaya shiru har ya gama, don icensa ne kuma alheri yake yi mini. Muka yanke kamu huɗu. Raƙuma biyu na masu dakon gyaɗa suka ja shi har Maraɗi.

Saura yadda zan yi aiki a tsakar gidan mutumin da ba ya son ganin aikina. Wannan ma Gwaggo ta ɗauke mini. Ta ce jikarta ta haihu, dole ƙanenta ya je suna. Aka ɗora shi kan jaki da ƙafarsa a miƙe, suka tafi Tibiri kwana uku.

Na haƙa rami a gindin itacen bedin tsakar gida, inda inuwa ke daɗewa. Muka gangara gungumen ciki a kwance, fiye da rabin kaurinsa ya nutse. Na cika gefe da laka da tsakuwa, na daɓe da taɓaryar Inna har ta yi mini tsawa ta bakin maƙwabciya. Na hau kansa na yi tsalle, na sa ƙato biyu suka ture shi, ko gezau. A sama na fafe ɗan gurbi inda gindin akushi zai zauna, na huda ramuka na kafa turaku biyu gajeru. Tsakanin turke da ice sai a cusa wani guntun kirya mai siririn baki da kaurin gindi. A buga shi sau ɗaya ya matse, a buga ta gefe ya saki, a juya icen. Ba sukuru, ba ƙusa. A gefen dama na yi kwari a ƙasa daidai tsawon alama ta biyu, inda ƙafar za ta miƙe ba tare da ta tokari komai ba.

Inda na sha wuya shi ne daidaita saman. Kirya ta fi ƙarfin rabona, bakinsa ya dakushe tun a turi na goma. Dole na sauko da gizagon Baba daga jikin rumbu, ni da ban taɓa koyonsa ba. Na yi ta sara kamar mai faskare. Nan tudu, nan kwari, nan na ɓantare gefe. Rana ta uku da la'asar saman gungumen ya zama abin kunya, ga shi an ce su Baba sun taso. Gwaggo ta riga jakin isowa, ta same ni ina wasa bakin rabo ina zufa, ina cewa a ba ni ko rabin yini in goge.

Ta shafa saman da tafin hannu, ta yamutsa fuska.

"Kai ka yi wanga ɓarna?"

"Ni ne."

"Da gizagonshi?"

"I."

"To bar shi haka nan. Kar ka ƙara taɓa shi. Aje gizagon nan bisa, ka tahi."

Na tafi ba don na yarda ba. A raina na ce ta gama da ni, yanzu zai ga ban iya na Nasara ba, ban iya na gida ba.

Kwana ɗaya, shiru. Kwana biyu, shiru. Kullum da safe kafin in buɗe rumfa sai in bi ta bayan gidan in tsaya jikin danga. Inna ta gaya wa Gwaggo cewa yana zagaya gungumen da sandarsa yana tsaki. Ya zungure shi da sanda, ya tura shi da ƙafar lafiya, bai motsa ba. Ya shafa saran da na yi ya ce, "Wa ya wulaƙanta kirya haka? Ko makaho ya hi wanga." Tsoro ya kama ni sosai, don ba ni da wata dabara bayan wannan, kuma damina ta kusa tsayawa.

Rana ta huɗu, tun ban ƙarasa kwanar gidan ba na ji. Ƙwas. Shiru. Ƙwas, ƙwas. Ba irin sarana ba ne, wannan gajere ne, kowane da inda aka nufa da shi. Na leƙa ta tsagar zana. Yana zaune kan buzu, ƙafar dama a miƙe cikin kwarin da na haƙa, yana gyara ɓarnata. Yana sara yana faɗa shi kaɗai, wai an ɓata masa bakin gizago, wai ko gaisuwa ba a iya yi wa ice ba. Ya bi saman gungumen daga wannan kai zuwa wancan har ya kwanta lumui. Da ya gama ya zauna yana huci. Sai na ga ya miƙa hannun hagu ya jawo wani guntun ɗanya da ya shekara a gindin rumbu, ya ɗora a gurbin, ya ɗauki ɗan icen matsewa ya jujjuya shi yana dubawa. Babu wanda ya nuna masa. Ya cusa, ya buga da ƙeyar gizago, ya girgiza ɗanyar da hannu. Ba ta motsa ba. Ya sara.

Na so in shiga. Wallahi ban taɓa son wani abu kamar yadda na so in shiga in tsuguna gabansa a wannan safiyar ba. Amma na san ina sa ƙafa zai ajiye gizagon ya juya kai, don ba zai bari ɗan fari ya ga yana jin daɗin abin hannunsa ba. Na tsaya a bayan danga ina kuka kamar ba magidanci ba, masu wucewa suna gaishe ni ina amsawa da kai. Ranar ban buɗe rumfa ba sai azahar.

Ya kai kaka, ya kai wasu kaka tara bayanta, kuma bai taɓa ce mini komai a kan gungumen ba. Bayan mako guda dai Gwaggo ta zo rumfa da wani abu ƙunshe a zane. Sabon akushi ne, baƙi, da murfinsa, gefe ɗaya ya ɗan fi kauri don hannun bai gama dawowa ba. A cikinsa nake cin tuwo har yau. Ta dangwara mini shi kan katako ta ce an ba ta saƙo, kuma an ce kar ta ƙara kar ta rage.

"Ya ce a ce ma yaron ga, ƙahwar da ya yi mini tana riƙo. Amma shi zo gobe da sahe shi zamna daga gehe, in nuna ma Yaya yadda a ka kama gizago."

Gwaggo ta kai shekara saba'in a lokacin, kuma ba ta taɓa sassaƙa ko muciya ba. Washegari ta zo ta zauna a gabansa da goronta, ni ina daga gefe, ya yi ta koya mata har rana ta take.